Ɗumin Gida a Hannun Wa? Hujjar Komawa ga Madaidaicin Ɗumi Marar Intanet

Ranar 25 ga Oktoba 2025, daidai lokacin da sanyi ke kankama a Turai da Arewacin Amurka, kamfanin Google ya janye hannunsa daga wasu na'urorinsa na daidaita ɗumin gida masu suna Nest: ƙirar farko ta 2011, da ta biyu ta 2012, da wadda aka yi wa kasuwar Turai a 2014. Babu abin da ya lalace a jikinsu. Suna nan manne a bango, kuma idan mutum ya tashi ya murɗa su da hannu za su kunna ɗumi su kashe. Abin da aka ɗauke shi ne ainihin abin da ya sa mutane suka biya kuɗi mai yawa suka saye su: sarrafa su daga wayar hannu, da saƙonnin gargaɗi, da sabunta manhajar da ke cikinsu. Kamfanin ya yi wa masu su tayin ragin dala 130 a Amurka idan za su sayi sabuwar ƙira. A Turai kuwa ya ce ba zai ƙara fitar da sabuwar Nest ba, ya tura mutane ga wani kamfanin Jamus mai suna Tado da ragin rabin kuɗi. Daga cikin waɗanda abin ya shafa akwai masu ganin cewa babu dalilin sake sayen wata mai wayo, wato mai haɗi da intanet, gara su kwance ta su mayar da irin ta da, mai lamba da abin murɗawa. Ina ganin suna da gaskiya, kuma hujjarsu ta fi ƙarfin fushin ɗan lokaci.

Ga mai karatun da bai taɓa zama inda ruwa ke daskarewa cikin famfo ba, sai an ɗan yi bayani. A Ingila yawancin gidaje suna da tukunyar gas da ake kira boila, wadda ke dafa ruwa, famfo ya tura shi ta bututu zuwa lagireton da ke kowane ɗaki. A Amurka an fi amfani da murhun da ke hura iska mai zafi ta cikin rufi ko ƙarƙashin daɓe. Ko wanne ne, akwai buƙatar abin da zai ce wa wutar ta kama idan ɗaki ya yi sanyi, ta mutu idan ya yi ɗumi. Wannan shi ne aikin tamostat, wato madaidaicin ɗumi. Ba baƙo ba ne a gidajenmu, domin shi ne ke sa firij ya yi shiru ya sake tashi, shi ke kashe dutsen guga idan ya yi zafi, kuma masu kiwon kaji sun san shi a injin ƙyanƙyasar ƙwai. A mafi sauƙin siffarsa makunni ne kawai. Ana manne ƙarafa biyu iri daban-daban wuri guda, da yake ɗaya ya fi ɗaya miƙewa idan ya ji zafi, sai su lanƙwashe su raba wayoyin lantarki, idan sun huce su miƙe su sake haɗa su. Andrew Ure, wani masani ɗan Sikotlan, ya yi aiki da wannan dabara tun wajen 1830. Warren Johnson, malamin makaranta a jihar Wisconsin, ya yi rajistar nasa mai amfani da lantarki a 1883. A 1953 kamfanin Honeywell ya fitar da mai siffar da'ira wanda Henry Dreyfuss ya tsara, kuma har yau ana samun irinsa yana aiki a bangon gidajen da suka sauya masu su sau da dama.

Nest ta zo ne a 2011, daga hannun Tony Fadell da Matt Rogers, tsofaffin ma'aikatan Apple. Alkawarinta mai jan hankali ne: za ta lura da lokacin da kake ƙara ɗumi da lokacin da kake ragewa, ta koyi al'adarka, ta gane idan babu kowa a gida, ta rage maka kuɗin gas. An sayar da ita dala 249, a lokacin da ana samun ta gargajiya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A farkon 2014 Google ya sayi kamfanin kan dala biliyan 3.2, wasu kamfanoni ma suna sayar da irinta, kamar Hive a Birtaniya da Ecobee a Kanada. Abin da mai saye bai cika lura da shi ba shi ne an raba na'urar gida biyu. Makunnin yana bangonsa, amma wani sashe na aikin yana kwamfutocin kamfani a wani gari, kuma ba ya isa gare shi sai ta intanet, da asusu, da manhajar da dole ta dace da wayar da yake riƙe da ita a bana. Wanda ya sayi ta gargajiya ya mallaki abu ɗungurungum. Wanda ya sayi mai wayo ya mallaki rabi, ɗaya rabin aro aka ba shi, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Babbar matsalar ita ce tsawon rai. Boila takan yi shekara 10 zuwa 15 tana aiki, murhun iska yakan wuce haka, bututu da lagireto kuwa sukan kai jikoki. Na'urar da ke ba su umarni ya kamata ta rayu gwargwadon rayuwarsu. Wani zai ce ai Google ya riƙe tsofaffin Nest har shekara 14, wace wayar hannu ce ke samun haka? Gaskiya ne, amma kwatancen ne bai dace ba. Ba da wayar hannu za a auna madaidaicin ɗumi ba, da makunnin fitila da kan famfo za a auna shi, abubuwan da ake sakawa a gini a manta da su. Kuma shekara 14 ɗin ta wanda ya saya tun farko ce. Baturen da ya sayi tasa a 2014 ko bayan nan bai samu haka ba. Ba kuma wannan ne karon farko ba. A watan Mayu 2016 kamfanin Nest ɗin ya kashe wata na'urar haɗa kayan gida mai suna Revolv, wadda aka sayar kusan dala 300, ta zama ba ta da amfani kwata-kwata, sai da aka yi ca a kansa ya mayar wa mutane kuɗinsu. A Afrilu 2022 kamfanin Insteon, mai sayar da irin waɗannan kaya, ya rufe kwamfutocinsa dare ɗaya ba tare da sanarwa ba. Dokoki sun fara farkawa, amma abin da suke nema kaɗan ne. Dokar Birtaniya da ta fara aiki ranar 29 ga Afrilu 2024 ta tilasta wa masu ƙera irin waɗannan kaya su bayyana tsawon lokacin da za su ci gaba da toshe ɓarakar tsaro, ba ta ce dole lokacin ya yi tsawo ba. Ta Tarayyar Turai, wadda za ta kama aiki sosai a ƙarshen 2027, ta sa shekara 5 a matsayin mafi ƙarancin wa'adi ga yawancin kaya. Shekara 5 sulusi ce zuwa rabin rayuwar boila.

Sai batun abin da ke faruwa idan ta samu matsala, kuma nan ne maganar ta wuce ta kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗumin cikin gida ya gaza digiri 18 a ƙasashen sanyi, domin ƙasa da haka yana tsananta ciwon huhu da hawan jini da bugun zuciya, musamman ga tsofaffi da jarirai. A watan Janairu 2016 wata ɓaraka a manhajar da Nest ta aika wa na'urorinta ta zuƙe batirinsu, mutane da dama suka farka cikin dare gida ya yi ƙanƙara. Gyaran ya ƙunshi cire na'urar daga bango, a yi mata caji da igiyar USB, a sake tayar da ita. Babu wanda ya taɓa komai a waɗannan gidaje, matsalar daga nesa aka aiko ta. Madaidaicin gargajiya shi ma yana lalacewa, ƙarfensa kan gaji, lambarsa kan kauce da digiri ɗaya ko biyu. Amma lalacewarsa ta gida ɗaya ce, a hankali take zuwa, kuma duk mai gyaran da ke unguwa zai gane ta da ɗan abin gwajin wuta. Ba zai yiwu dubban irinsa su mutu a dare ɗaya don wani ya yi kuskuren rubutu a ofis ba.

Akwai kuma tambayar wanda ke da ikon taɓa ta. Ranar 30 ga Agusta 2022, ana tsananin zafi a jihar Colorado, kimanin mutum 22,000 da ke sayen wuta daga kamfanin Xcel Energy suka tarar ba za su iya sauya lambar na'urarsu ba na wasu sa'o'i, allon yana nuna musu cewa ana cikin halin gaggawa na ƙarancin wuta. A nan sanyaya gida ake yi, amma na'urar ɗaya ce, ita ke kula da ɗumi da hunturu. Adalci ne a faɗi cewa da kansu suka shiga shirin, aka ba su dala 100 da farko da dala 25 duk shekara, kuma rage wa gidaje sanyi kaɗan ya fi a ɗauke wutar gari baki ɗaya. Ban ga laifin manufar ba. Abin da lamarin ya tona shi ne ƙofar da za a shigo ta nan a buɗe take, kuma da yawa daga masu gidajen ba su fahimci cewa sharaɗin da suka amince da shi ya kai ga a hana su murɗa abin da ke bangonsu ba. Bayanan da na'urar ke tarawa ma abin dubawa ne. Na'urar da ta san lokacin da kake fita da lokacin da kake dawowa da daren da ba ka kwana gida ba tana riƙe da sirrin iyali, kuma tana aika shi waje.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a ɓangaren masu wayo ita ce tanadin makamashi, don haka ya kamata a tsaya a kanta sosai. A 2015 Nest ta fitar da rahoton cewa masu amfani da ita na rage kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari na kuɗin ɗumama gida, da kashi 15 na sanyaya shi. Shirin Energy Star na gwamnatin Amurka ya kawo adadin ƙasa, kusan kashi 8, wato wajen dala 50 a shekara. Ko a kan wannan lissafi, na'urar dala 249 sai ta yi shekara 5 kafin ta biya kuɗin kanta, ban da ladan mai sakawa. Sai kuma wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda John List na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa suka yi a kan gidaje fiye da 1,000 a California. An raba gidajen ta hanyar ƙuri'a, wasu aka saka musu mai wayo, wasu aka bar su da abin da suke da shi, aka bi mitocinsu na wata 18. Ba a ga wani ragi na a zo a gani ba, a wuta ko a gas. Dalilin da masu binciken suka gano shi ne mutane ne ke warware abin da na'urar ta tsara: ta rage, su ƙara, kuma da yake ƙarawar ta zama da sauƙi daga kan kujera, sai suka yawaita ta. Bincike ɗaya ba ya rufe magana, kuma California ba ta da sanyin Kanada. Amma ya nuna inda tanadin yake fitowa. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta daɗe tana cewa wanda ya rage lambar da kimanin digiri 4 zuwa 6 na tsawon awa 8 a rana zai iya rage har kashi 10 na kuɗinsa a shekara. Ragewar ce ke kawo tanadi, ko yatsa ya yi ta, ko agogo, ko manhaja. Gas bai san wanda ya ba da umarni ba.

Za a ce ai matsalar ke nan, mutane ba sa ragewa. Wannan ƙorafi yana da tushe. Kafin zuwan Nest an yi zamanin masu agogo, waɗanda ake tsara musu lokutan kunnawa da kashewa, kuma da yawansu an yi su da maɓallai masu rikitarwa har mutane suka riƙa danna na tsayawa wuri ɗaya su bar shi haka shekara da shekaru. Abin ya kai ga Energy Star ya daina ba su tambarinsa a ƙarshen 2009, don ba a iya tabbatar da cewa suna rage komai ba. Wannan giɓi Nest ta zo cikewa, kuma ga mutumin da ba shi da tsayayyen lokacin fita da dawowa, wanda kuma ba ya tuna ragewa, mai wayo za ta iya yi masa amfani na gaske. Sai dai maganin maɓallai masu rikitarwa shi ne a sauƙaƙa su, ba lallai sai an haɗa su da intanet ba. Gidan da ke da tsofaffi ko ƙananan yara, wanda kullum akwai mutum a ciki, babu wani lokacin da babu kowa balle na'ura ta gano shi. Gidan ma'aikacin da ke fita da bakwai ya dawo da shida kuwa, agogo mai sauƙi da aka saita sau ɗaya ya ishe shi. Tsakanin waɗannan biyun an ɗebe mafi yawan gidaje.

Akwai waɗanda ba zan ba su shawarar komawa ba. Wanda ke kula da mahaifiyarsa tsohuwa daga wani gari, yana so ya ga ko ɗakinta ya yi sanyi, yana da dalili mai kyau. Haka mai gidan da ke zama babu kowa tsawon hunturu, inda bututu kan daskare ya fashe, ko da yake yawancin na gargajiya ma suna da matakin kare gida daga daskarewa. Haka wanda kuɗin wutarsa ke sauyawa daga awa zuwa awa. Injiniyoyi kuma suna kawo wata hujja ta fasaha: boilar zamani ta fi tanadi idan tana ci a hankali da ruwa mai matsakaicin zafi, maimakon ta kama da ƙarfi ta mutu, makunnin ƙarfe kuwa kunnawa da kashewa kaɗai ya sani. Wannan gaskiya ne, amma bai shafi intanet ba. Akwai wata ƙa'idar sadarwa tsakanin boila da madaidaici mai suna OpenTherm, ta waya biyu take bi, kuma ana sayar da madaidaitan da ke jin ta ba tare da asusu ko manhaja ba. Ƙa'idar da Ingila ta kafa a Afrilu 2018 kan sababbin boiloli ta nemi a haɗa da agogo da madaidaici, ga wani nau'in boila kuma a ƙara da ɗaya cikin wasu dabarun tanadi huɗu. Mai wayo ɗaya ce kawai cikin huɗun. Ana iya samun kyakkyawan sarrafawa gaba ɗayansa a cikin gida.

Wanda ya yanke shawarar sauyawa, kamar ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke zaune a Manchester ko Toronto ko Chicago, ya fara da sanin irin wutar da ke bangonsa, domin nan ne haɗarin yake. A Amurka da Kanada yawancin gidaje na amfani da ƙaramar wuta mai ƙarfin bolt 24, da siraran wayoyi masu haruffa: R ke kawo wuta, W na ɗumi, Y na sanyi, G na fanka, C kuma ita ce aka fi ƙarawa don ciyar da mai wayo. Ana kashe wutar murhun daga babban akwati, a ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin a kwance ko ɗaya, a mayar da kowace kan harafinta, wadda ba a buƙata a naɗe bakinta da tef. Idan R ta taɓa C da wuta a kunne, fis ko taransifomar murhun ce za ta ƙone. Gidan da ke da injin da ke zuƙo zafi daga iskar waje yana buƙatar madaidaicin da aka yi domin irinsa, kuma irin wannan inji ba ya son a riƙa rage shi sosai da dare. A Birtaniya labarin daban ne. Abin da ke bango sau da yawa ba shi ne ke kunna boila ba, akwai wani akwati kusa da ita da ke karɓar saƙo, kuma wutar da ke cikinsa cikakkiya ce, bolt 230, mai iya kisa. Sau tari wanda ya saka mai wayon ya cire tsohon agogon ko ya haɗe wayoyinsa, don haka kwance akwatin kawai zai iya barin boila tana ci ba tsayawa ko ta ƙi tashi sam. Idan gidan na da tankin ruwan zafi, sabon agogon dole ya zama mai layi biyu, na ɗaki da na ruwa. Wannan aikin mai gyaran wuta ne, kuma idan sai an buɗe rufaffen jikin boilar, sai injiniya mai rajistar Gas Safe. Ɗan haya kuwa ya nemi izinin mai gida tukuna.

Wurin da aka kafa shi yana da tasiri fiye da tsadarsa. Ana so ya kasance a bangon ciki, kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, nesa da hasken rana da lagireto da ƙofar da iska ke shigowa, in ba haka ba ɗumin wurin zai auna, ba na gidan ba. Kada son tsohon abu ya kai mutum ga sayen irin na da can mai ɗan kwalban zaiba a ciki. Zaiba guba ce, an daina saka ta a sababbi, kuma wanda ya ci karo da irinsa ya kai shi wurin karɓar shara mai haɗari, kada ya jefa a bola. Na lantarki mai batiri biyu da manyan lambobi ya fi shi daidaito, ba ya kuma neman komai daga waje. Kafin a ajiye mai wayon da aka cire, a goge abin da ke cikinta, a raba ta da asusun, a kuma fita daga duk wani shirin kamfanin wuta da aka shiga da ita.

Mu da ba mu ɗumama gida da boila, tambayar tana tafe gare mu ta wata ƙofa. Injinan sola da na'urorin sanyaya ɗaki da ake shigowa da su yanzu da yawa suna zuwa da manhaja, wasu saitunan ma ba a kai gare su sai ta waya, ga kuma kayan solar biya-sannu-sannu da kamfani ke iya rufewa daga nesa. A wurin da intanet ke yankewa, kuma kamfanin da ya ƙera kayan ba shi da ko ofis a ƙasar, mai saye yana da hakkin ya tambayi dillali tun kafin ya biya: idan babu intanet, ko kamfanin ya rufe, wane aiki na'urar za ta ci gaba da yi, kuma ana iya saita ta gaba ɗaya daga maɓallan jikinta?